Jirgin Da Ya Wuce Ɗazu, Wane Iri Ne?

A Gayam, can cikin ƙasar Birnin Gwari, ba wanda ke koya wa yaro sauraren jirgin sama, shi da kansa yake koya. Lokacin da muke ƙanana, in aka ji ƙugi a sama, da gudu muke fitowa waje muna ɗaga hannu muna ihu, kamar matuƙin zai jiyo mu ya jefo mana alewa. Ƙannenmu da suka taso a shekarun 'yan bindiga ba haka suke ba. Su in sun ji ƙara tsit suke yi, su kasa kunne. Yaro ɗan shekara goma zai ce maka, “wannan mai saukar ungulu ne,” ko “wannan jet ne, ya yi yamma,” tun bai ɗaga kai ba. Uwa kuma ta shiga ƙirga 'ya'yanta, wa ke gona, wa ya tafi itace. Wani lokaci ƙarar kan sanyaya zuciya don an san ɗauki ne ya zo. Wani lokaci kuma ta tayar da hankali, don wanda ke sama bai san fuskar kowa ba.

To riƙe wannan a ranka, mu leƙa Ingila. Akwai wani sansanin sojan sama da ake kira Fairford. Duk watan Yuli mutane sama da dubu ɗari ke yin tururuwa zuwa can, da kuɗinsu suke yankar tikiti, su shimfiɗa kujeru a kan ciyawa, su wuni suna kallon jiragen yaƙi suna shawagi. A garin Oshkosh na Amurka ma haka ake yi duk shekara, inda jirage fiye da dubu goma ke sauka cikin mako guda. A cikin taron za ka ga wasu mutane da kyamarori masu dogon hanci kamar bindiga, da madubin hangen nesa a wuya, da ɗan littafi a aljihu. Waɗannan su ne 'yan kallon jirage na haƙiƙa. Ba matuƙa ba ne, yawancinsu ma ba su taɓa aikin soja ba. Akwai malamin makaranta, akwai direban bas, akwai tsohon da ya yi ritaya. Sha'awa ce kawai, irin ta mai kiwon tattabaru da zai gaya maka asalin kowace tun daga kakarta.

Abin ya samo asali ne daga tsoro, kamar dai na yaran Gayam. A 1925 Birtaniya ta kafa ƙungiyar 'yan sa-kai masu gadin sararin sama. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, su ne ke tsayawa kan tuddai da rufin gidaje dare da rana, in sun hango jirgi su tantance na gida ne ko na Jamus, guda nawa ne, ina suka dosa, su buga waya. Har kati aka riƙa bugawa mai ɗauke da inuwar kowane jirgi, ta gaba da ta gefe da ta ƙasa, yara suna haddacewa. Aka gama yaƙi, tsoro ya tafi, idon da ya saba kallon sama ya ƙi sauka.

Me suke rubutawa a ɗan littafin nan? Lamba. Kowane jirgin farar hula yana da lambarsa a jiki kamar mota, kuma harufan farko suna nuna ƙasarsa: 5N na Nijeriya ne, 5U na Nijar, G na Birtaniya, N na Amurka. Mai kallo zai rubuta lambar, da samfurin jirgin, da wurin da ya gan shi, da rana da lokaci. Za ka ce wannan ai rashin aikin yi ne. Amma a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da 'yan jarida ke bin diddigin jiragen da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ke jigilar fursunoni da su a ɓoye daga ƙasa zuwa ƙasa, rubuce-rubucen irin waɗannan mutane da hotunansu na cikin abin da ya tona asiri. Wani ya ga jirgin a nan ranar kaza, wani ya gan shi can kashegari, aka haɗa. Ka ga dalilin da ya sa hukumomi ba sa yi wa wannan sha'awa kallon wasan yara. Za mu dawo kan wannan.

Abin da ya fi burge su a wajen irin wannan taro shi ne lokacin da aka jera tsohon jirgin yaƙi da na zamani suka wuce kafaɗa da kafaɗa. Rundunar sojan saman Amurka ta fara yin haka a hukumance a 1997, shekarar da ta cika hamsin da kafuwa: sai ka ga P-51 Mustang na zamanin yaƙin Hitila a gefen F-22 ko F-35. Ingila ma tana da rukuni na musamman a sansanin Coningsby da ke kula da Spitfire da Hurricane da Lancaster, har yau suna tashi. Ka dubi lissafin: an ƙera Spitfire sama da 20,000, waɗanda ke iya tashi a yau ba su kai ɗari ba. Lancaster kuwa an ƙera 7,377, biyu kacal suka rage masu tashi, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada. Shi ya sa mutum zai yi tafiyar kwana don ya ji ƙarar injinsu na minti biyar.

Jera su ɗin nan fa ba ƙaramin aiki ba ne. Tsohon yana ba da wuta sosai, sabon kuma yana rage gudu har sai ya ɗaga hanci sama kamar doki da aka ja wa linzami, don kada ya bar ɗan uwansa a baya. Tazarar da ke tsakanin fuka-fukansu 'yan mitoci ne. Mu ma mun ga abin da kuskure kaɗan ke jawowa a irin wannan jeri: ranar 28 ga Satumba 2018 jiragen F-7 guda biyu na sojan samanmu suka gogi juna a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya, Squadron Leader Bello Baba-Ari, ya rasa ransa.

Yanzu tambayar da ta sa na ɗauki biro. Mu fa? Muna da tsofaffin jiragen da za a kalla? Wallahi muna da tarihin da ya fi na ƙasashe da yawa, kuma mafi yawansa a nan Arewa ya faru, a ƙofar gidanmu.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Daga nan ake ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya. Jirage ne masu fuka-fuki hawa biyu, jikinsu katako da yadi da wayoyi, matuƙi yana zaune kansa a waje iska na dukansa, gudunsu bai wuce kilomita 200 a awa ba. Shekara goma sha biyar bayan haka Kano ta zama babban zango a yaƙin duniya. Da yake Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila, sai suka koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, daga nan Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, su ratsa Sudan har Alƙahira. An fara a watan Satumba 1940. Jirgin Blenheim mai inji biyu ke shiga gaba saboda shi ke ɗauke da masanin hanya, ƙananan Hurricane suna biye kamar 'yan tsaki. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya cikin kusan shekara uku. Ɗauko taswira ka ɗora rula daga Legas zuwa Kano, za ka ga layin ya ratsa tsakanin Kaduna da Birnin Gwari. Wato irin jiragen da Turawa ke biyan kuɗi su kalla a yau, kakanninmu a kyauta suka riƙa ganinsu suna tsaka da noma. Har ma akwai rukunin Spitfire na 91 da aka laƙaba wa sunan Nijeriya, saboda kuɗin da aka tara a nan don sayen jirage.

Rundunar sojan samanmu an kafa ta a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kuma Kaduna ce cibiyar horonta tun farko. Da ƙananan jirage irin su Piaggio 149 da Dornier 27 aka fara. Yaƙin basasa ne ya kawo jet na yaƙi: a 1967 aka sauke MiG-17 na Tarayyar Sobiyet a Kano, ga L-29 na Chekoslobakiya, daga baya Il-28 mai jefa bam. Ɓangaren Biyafara kuwa, wani Baturen Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya samo musu 'yan ƙananan jiragen koyon tuƙi guda biyar samfurin MFI-9, aka ɗaura musu rokoki, a watan Mayu 1969 suka fara kai hari kan filayen jirage suna tafiya dab da kan bishiyoyi. Bayan yaƙi aka sayo MiG-21 a tsakiyar shekarun 1970, sai Jaguar guda 18 daga Birtaniya a tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ba su yi wani dogon aiki ba aka jingine su a Makurdi. A nan Kaduna kuma aka harhaɗa Air Beetle guda 60, ƙaramin jirgin koyon tuƙi, da hannun ma'aikata 'yan ƙasa. Ɗalibai nawa ne a sashen kanikanci suka san an taɓa yin haka a garin nan?

Ina duk waɗannan jirage suke? Wasu suna gidan tarihin yaƙi na Umuahia da aka buɗe a 1985, inda za ka ga MiG-17 da Il-28 da ɗan jirgin Biyafara a fili guda, rana da ruwa na dukansu. Wasu an ɗora su kan dandamali a ƙofar bariki. Saura kuwa suna kwance cikin ciyawa a gefen filayen jirage, taya ta sace, gilashi ya dushe, tsuntsaye sun yi sheƙa a bakin inji. Kowa ya san ƙarshen ƙarfen da aka yasar a ƙasar nan: 'yan gwangwan. Gorar ruwan da aka yi jikin jirgi da ita, in ta shiga hannun maƙera, tukunya za ta koma. Ba laifin mai tukunya ba ne. Amma jirgin da ya yi yaƙin basasa ya narke ba tare da wani ya ɗauki hotonsa ya rubuta lambarsa ba, wannan asara ce da ba a mayarwa.

Ga wani abin da Bature mai kyamara zai yi mamaki. A wurinsu tsohon jirgi abin nuni ne a ranar biki. A wurinmu tsohon jirgi yana bakin aiki. Alpha Jet, wanda Faransa da Jamus suka ƙera tare, ya fara tashi a 1973, Nijeriya ta karɓi nata a farkon shekarun 1980. Ya yi aikin ECOMOG a Laberiya da Saliyo, ya yi Arewa maso Gabas, ya yi dazuzzukan Zamfara da Kaduna. Jirgin ya girmi matuƙansa da yawa. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo ɗaya yana dawowa daga aiki a iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙin, Flight Lieutenant Abayomi Dairo, ya yi fitar burgu da lema, ya ɓuya har dare, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya har ya isa wurin sojoji. Kwana huɗu bayan haka rukunin farko na A-29 Super Tucano ya sauka a Kano. Guda 12 aka saya, ƙirar kamfanin Embraer na Birazil, an harhaɗa su a Amurka, mazauninsu Kainji. To a samanmu tsoho da sabo suna jeruwa, amma ba don 'yan kallo ba.

Nan ne kuma ido ke yaudarar mutum. Ka nuna wa ɗalibi hoton Alpha Jet da na Super Tucano ka ce wanne ne sabo, goma cikin goma za su nuna jet ɗin, saboda Tucano farfela gare shi a hanci, ya yi kama da jiragen finafinan yaƙin duniya. Har gardama na sha da wani abokina a hostal, yana cewa an sayo mana tsohon yayi. Kuma in ta gudu ce, da gaskiyarsa: Mustang na 1944 yana kai kilomita 700 a awa, Tucano bai wuce 590 ba. Sai dai abin da ke juya farfelar ya sha bamban. Mustang injin fistin ne mai silinda 12, ɗan uwan injin mota, fetur yake sha. Tucano kuwa injin jet ne a cikinsa mai ƙarfin dawaki 1,600, kananzir yake sha, amma maimakon iskar da ke fita ta baya ta tura jirgin, sai a sa ta juya farfela mai kunne biyar. Kuma rashin gudun da gangan ne. Jirgi irin JF-17, wanda muka karɓi guda uku daga Fakistan a 2021, ya fi sauti gudu, an yi shi ne don karawa da wani jirgi a sama. Ka tura shi neman mutum goma kan babura a ƙarƙashin bishiyoyin dajin Kamuku, kafin ya ƙyalla ido ya wuce dajin, mai kuma ya yi ƙasa. Aikin daji yana son jirgin da zai daɗe yana zagaye, ya sha mai kaɗan, ya sauka a ƙaramin fili, yana ɗauke da kyamarar da ke ganin ɗumin jiki cikin dare. Sabuntar Tucano tana cikin na'urorinsa, ba a fuskarsa ba.

Da kunne ma ana rarrabe su. Injin fistin ƙugi yake mai kauri, kana jin bugunsa. Mai farfela na zamani yana da wani zuuu mai haɗe da fito. Jet kamar ana yage sabon yadi yake. Mai saukar ungulu kuwa ba ya ɓuya, fat-fat-fat ɗinsa tun daga nesa. In ka ji jet, kada ka kalli inda ƙarar take, kalli gabanta. Sauti mita 340 yake ci a daƙiƙa, wato kusan daƙiƙa uku kowace kilomita. Jirgin da ke nesa da kai kilomita uku yana gudun 800 a awa, kafin ƙararsa ta iso kunnenka ya riga ya ci kusan kilomita biyu. Farin layin nan kuma da ake gani can ƙololuwa ba hayaƙi ba ne, tururin ruwa ne daga inji ke daskarewa saboda sanyin sama, kuma yawanci jiragen fasinja ne masu wucewa a nisan kilomita goma ko fiye. Da an san wannan a ƙauye, da an rage wasu gudun na banza.

Wanda ba a ji sosai shi ne marar matuƙi. Sojan samanmu sun ƙera nasu a Kaduna, kuma duk wanda ya raɗa musu suna ya iya barkwanci: na 2013 Gulma, na 2018 Tsaigumi. Suna ya dace, aikinsu ke nan, su gani su kai rahoto. Amma ba a dariya da irin wannan na'ura a jihar nan tun daren 3 ga Disamba 2023, lokacin da wani marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne. Kyamara ta ga taron mutane, ba ta ga su wane ne ba.

To ka ga inda sha'awar Fairford ke cin karo da halin Gayam. Ɗan uwa, in ka je hutu gida ka ga jirgin soja na zagaye, bar wayarka a aljihu. Dalili biyu ne. Na farko doka: Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta yi magana kan ɗaukar hoto ko zana wuraren tsaro, kuma sojan da ya kama ka a bakin waya da kyamara ba zai tsaya jin bayanin sha'awa ba. Ko a Turai an yi: a watan Nuwamba 2001 aka kama 'yan kallon jirage 14, Turawan Ingila 12 da na Holan biyu, a sansanin Kalamata na ƙasar Girka, aka same su da laifin da ya shafi leƙen asiri, sai bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su. Su suna da ofishin jakadanci da jaridu a bayansu. Kai wa gare ka? Na biyu ya fi na farko nauyi. Ka ɗauki bidiyo ka ɗora a Facebook ko TikTok ka rubuta “yanzu-yanzu jirgi ya yi wajen kaza,” ka zama infoma ba tare da an biya ka ba. Mutanen daji ma suna da waya, suna kallon abin da kake kallo. Ba don wasa gwamnati ta rufe layukan waya a yankinmu a ƙarshen 2021 ba. Hoto kuma yana ɗauke da lokaci, wani sa'in har da wurin da aka ɗauke shi, a ɓoye cikin fayil ɗin. A garin da kalmar infoma kaɗai ta isa ta jawo wa gida duka bala'i, daga kowane ɓangare, ba a gwada wannan. An yi sulhu a ƙarshen 2024, kasuwar kara ta Birnin Gwari ta buɗe, motoci sun dawo hanya, amma zargi bai bar zukata ba tukuna.

Ni a ganina an juya abin ne. Jirgin da bai kamata a ɗauka ba, shi kowa ke ɗauka da waya yana yaɗawa. Wanda ke ruɓewa a ciyawa, mai buƙatar a ɗauke shi kafin ya ɓace, ba mai kula shi.

Hanyar halal a buɗe take. Rundunar sojan sama tana bikin zagayowar kafuwarta duk shekara, Kaduna ta sha karɓar baƙuncinsa, kuma a irin ranar ce ake fito da jirage a jera don jama'a su gani. Ko a nan, tambayi jami'in da ke wurin kafin ka ɗaga kyamara, in ya ce a'a, to a'a ce. Akwai AFIT, cibiyar fasaha ta sojan sama a Kaduna, wadda ke ɗaukar ɗalibai farar hula. Akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ita ma tun 1964, ƙananan jiragenta kullum suna zagaye saman gari da lambar 5N a jikinsu. Ƙungiyar ɗalibai ko ta sashe tana iya rubuta takarda ta hannun shugaban sashe ta nemi ziyarar ƙaro ilimi, a bayyana a ciki cewa ana son izinin ɗaukar tsofaffin jiragen da aka daina aiki da su. Kuɗin da ake kashewa a daren rawa guda ɗaya ya isa hayar bas. Lokacin aikin Hajji kuma ka lura da Boeing 747 mai ƙusumbi da inji huɗu, irin wanda Max Air ya daɗe yana jigilar alhazai da shi. An daina ƙera shi, na ƙarshe ya bar masana'anta a farkon 2023. Shi ma nan gaba kaɗan sai a hoto.

In ka samu izinin, ga abin da zai raba hotonka da na 'yan biki. Kyamara ido ce mai ƙiftawa, kuma kai ke zaɓar saurin ƙiftawar. Jet yana son ta da sauri, kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye. Amma ka yi wa mai farfela haka, farfelar za ta tsaya cak a hoto, jirgin ya fito kamar injinsa ya mutu yana shirin faɗowa. Shi sai ka sassauta zuwa ɗaya cikin 250, ko ma cikin 125, don farfelar ta fito kamar faifai. Wahalar ita ce a wannan saurin hannu na rawa hoto ya lalace, don haka sai ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka bi jirgin da ƙugunka gaba ɗaya, ka danna kana cikin juyawa, kada ka tsaya bayan ka danna. Je ka bakin titi ka koya da 'yan acaɓa. Mai waya kuma zai ga farfela ta lanƙwashe kamar ayaba, ko kunnuwanta sun rabu da jirgin. Wayar ba ta lalace ba. Tana karanta hoton ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kafin ta kai layin ƙasa farfelar ta riga ta matsa. Ka sa rana a bayanka. Ka ƙara haske kaɗan, in ba haka ba sama za ta yi fari jirgin ya fito baƙi ƙirin. Kada ka ja hoto da yatsa biyu har ƙarshe, gara ka ɗauka yadda yake ka yanke daga baya. Hunturu kuwa ka haƙura, hazo ba ya barin komai. Sama ta fi kyau da safe bayan an kwana ana ruwa.

Na ƙasa ya fi sauƙi, tunda ba inda za shi. Ɗauke shi ta gaba, ta gefe, ta baya, sannan ka matsa ka ɗauki lambar da ke jikinsa, da ɗan allon ƙarfen da masana'anta ke mannawa in yana nan. Rubuta rana da wuri. In akwai tsohon makaniken da ya yi aiki a kansa, gaishe shi da kyau, ka ce, “Baba, don Allah wannan yaushe ya daina tashi?” ka bar shi ya yi magana. 'Yan lantarki ma da nasu rabon: jiragen fasinja suna watsa lambarsu da tsayinsu da gudunsu a kan mita 1090 megahaz, manhajar Flightradar24 da su take aiki, kuma 'yan sa-kai ne ke kafa yawancin na'urorin da ke kamo saƙon, da 'yar eriya da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi. Furojet ne mai kyau na HND in sashe ya amince. Na soja galibi ba sa fitowa a manhajar, kada ka wahalar da kanka.

Hutun da ya wuce na nuna wa ƙanena hoton Hurricane da na Tucano a waya, na ce ya zaɓi wanda ya taɓa gani. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi bai taɓa tsayawa ya ga siffarsu ba, in na kunna masa ƙararsu dai zai faɗa mini. Na nemo bidiyon na kunna. Daƙiƙa biyu bai cika ba ya nuna na biyun.